Cima-zaune a Jikin Jatan Landen Ado da Hanyoyin Magance Su

Jatan lande, wanda mafi yawan Hausawa suka sani busasshe a kasuwa da sunan kirafish, yana da wasu ƙananan dangi na ruwan daɗi waɗanda ake kiwo a cikin tankin gilashi don kallo da ƙawata ɗaki, kamar yadda ake ajiye kifayen ado. Wannan kiwo ya bunƙasa ne a gabashin Asiya kafin ya bazu zuwa Turai da Amurka, kuma ana danganta farkon shahararsa da Takashi Amano, wani Bajapane mai ɗaukar hoto kuma gwanin shuka lambun cikin ruwa, wanda tun a shekarun 1980 ya riƙa zuba wani nau'i mai suna Caridina multidentata a tankunansa domin ya cinye gansakukar da ke ɓata ganyen shukoki. Wanda ya fi yawa a hannun masu kiwo a yau shi ne Neocaridina davidi, ɗan asalin Taiwan da Sin, wanda tsawonsa bai cika wuce santimita 3 ba, kuma rayuwarsa ba ta cika wuce shekara 1 zuwa 2 ba, amma zaɓen iri ya fitar da ja da shuɗi da ruwan ɗorawa da baƙi daga cikinsa. Bayansa sai Caridina cantonensis, mai zanen fari da ja ko fari da baƙi, wanda ya fi shi tsada kuma ya fi shi rauni ƙwarai.

Kaso mai yawa na jatan landen da ke kasuwannin duniya ana kiwonsa ne a buɗaɗɗun kududdufai a Taiwan da wasu ƙasashen kudu maso gabashin Asiya, inda yake cuɗanya da duk wata halittar da ruwan waje yake ɗauke da ita, saboda haka ba abin mamaki ba ne ya iso hannun mai saye tare da baƙin da ba a gayyata ba. Waɗannan baƙi su ne ake kira cima-zaune a nan, wato halittun da suke rayuwa a kan jikin wata halitta ko a cikinsa. Sai dai kalmar ta haɗa abubuwa uku waɗanda masana suke bambancewa: akwai waɗanda mazauni kawai suke nema a kan ɓawon jatan lande amma abincinsu a cikin ruwa yake, akwai waɗanda suke huda jikin su ci daga namansa, sannan akwai mafarauta da suke zaune a tankin suna kama 'ya'ya da raunana. Magani yana bin wannan bambanci ne, domin abin da gishiri yake kakkaɓewa cikin daƙiƙa 30 daban yake da abin da ya riga ya kafa saiwa a cikin tsoka.

Kafin a shiga bayanin kowannensu, wajibi ne a fahimci abin da ya sa jinyar jatan lande ta fi ta kifi wuya, domin a nan ne mafi yawan asara take faruwa. Jatan lande ɗan'uwan ƙwari ne ta fuskar halitta: ba shi da ƙashi a ciki, ɓawonsa na waje shi ne ƙashinsa, kuma an gina ɓawon da wani sinadari mai suna kaitin, irin wanda yake jikin fara da kyankyaso. Da yawa daga cikin magungunan da aka tanada don kifi kuwa an haɗa su ne domin su kashe halittu marasa ƙashin baya su bar kifin da ransa, wanda hakan yake nufin jatan lande yana cikin sahun waɗanda aka yi maganin domin hallaka su. Misali mafi bayyana shi ne tagulla, wadda ake narkar da gishirinta a cikin magunguna da dama na farin ɗigon da ke fitowa a jikin kifi: duk da cewa jinin jatan lande da tagulla yake ɗaukar iskar numfashi, kamar yadda jinin mutum yake ɗauka da sinadarin ƙarfe, tagullar da ke yawo a sake cikin ruwa tana lalata masa gaɓoɓin numfashi a ma'aunin da kifi ba zai ko ji ba. Haka nan magungunan ƙwarƙwatar kifi da tsutsar da ke kafewa a fatarsa, irin su diflubenzuron, suna aiki ne ta hanyar hana gina kaitin, domin waɗannan cututtuka biyu su kansu dangin jatan lande ne, sai ya zama duk jatan landen da ke tankin ya mutu a lokacin da ya zo sauya ɓawo. Wanda ya zuba irin wannan magani don ya kawar da 'yan tsutsotsi biyu ko uku ya faɗa cikin abin da ake cewa garin neman gira an rasa ido.

Abu na biyu da duk jinyar take rataye a kansa shi ne saɓa, wato tuɓe tsohon ɓawo kamar yadda maciji yake tuɓe fatarsa. Baligin jatan lande yana saɓa kusan kowane mako 3 zuwa 6, ƙanana kuma sun fi haka yawaita, kuma abin da yake tuɓewa ya haɗa har da shimfiɗar da ta lulluɓe ɗakin numfashinsa, wato kogon da ke gefen kai a ƙarƙashin ɓawo inda gaɓoɓin shaƙar iska suke. Duk abin da ya manne a waje, ko halitta ce ko ƙwanta, yana fita tare da saɓar. A tankin da yake lafiya ana barin saɓa a ciki domin jatan lande ya cinye ta ya maido da sinadarin kalsiyam da ya rasa, amma a tankin da cuta ta shiga, barin ta daidai yake da ajiye wa cutar gidan ƙyanƙyasa, don haka tsince saɓa kullum na tsawon makonni rabin magani ne.

Baƙon da masu kiwo suka fi cin karo da shi shi ne Scutariella japonica, wata farar tsutsa mai faɗi wadda tsawonta yake tsakanin milimita 1 da 2, mai 'yan ƙahoni biyu a kai da mazuƙi a ƙarshen jiki wanda take mannewa da shi. Akan gan ta tsaye a kan ƙahon da ke tsakanin idanun jatan lande tana lilo kamar zaren da iska take kaɗawa, kuma wannan motsi shi ne babbar shaidar da ke raba ta da sauran fararen abubuwa. Masana sun saɓa a kan ko tarkacen abinci kawai take ci daga ruwa ko tana zuƙar ruwan jikin mai masaukinta, amma babu saɓani a kan cewa a ɗakin numfashi take jera ƙwanta, waɗanda ake hangowa ta cikin ɓawo kamar fararen ɗigo a layi, kuma idan ta yi yawa tana takura numfashi ta raunana dabbar. Abin da masu kiwo suka daɗe suna yi shi ne tsoma jatan landen a ruwan gishiri: babban cokali 1 na gishirin da ba a gauraya shi da komai ba a cikin kofi 1 na ruwan tankin, wato kimanin mililita 250, na tsawon daƙiƙa 30 zuwa 60, sannan a maido shi ruwansa. Hikimar abin ita ce gishiri yana janye ruwa daga jiki mai laushi nan take, alhali ɓawo yana kare jatan landen na ɗan wannan lokaci. Amma tsomi ba ya taɓa ƙwai, kuma ba ya taɓa tsutsotsin da suke yawo a tankin, shi ya sa wanda ya tsaya a kansa kaɗai yakan sake ganin fararen zaruruwan bayan 'yan makonni ya ɗauka cewa gishirin ne bai yi ba.

Idan tsutsar ta game tanki, maganin da ya fi dacewa shi ne praziquantel, wanda ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, domin shi ake raba wa 'yan makaranta don maganin tsargiya, kuma dalilin ɗaya ne, tunda tsutsar tsargiya da Scutariella duk dangin tsutsotsi masu faɗi ne kuma maganin yana shanye musu tsoka har su saki abin da suka riƙe. Ma'aunin da aka saba amfani da shi a tankunan ado kimanin miligiram 2.5 ne a kowace lita, ana cire gawayin da ke cikin matatar ruwa tukuna domin gawayi yana shanye magani, a bar shi ya yi kwanaki, a sauya wani kaso na ruwan, sannan a maimaita bayan mako 1 zuwa 2 saboda waɗanda suka ƙyanƙyashe daga baya. Neocaridina yana jure wannan ma'auni sosai. Irin wannan kulawa ta tsomi da tsince saɓa ake yi wa Holtodrilus truncatus, wata 'yar tsutsa mai kama da matsattsaku wadda asalinta ma gabashin Asiya ne, wadda ita ma a kan ɓawo da ɗakin numfashi take zama tana manna ƙwanta.

Baƙo na biyu, Vorticella, halitta ce mai ƙwayar rai ɗaya tak, siffarta kamar ƙararrawa a kan siririyar sanda, kuma sandar tana naɗewa farat ɗaya idan an taɓa ta. Ido ba ya ganin guda ɗaya, sai dai taronsu, wanda yake bayyana kamar farin gashi mai laushi a kan kai da ƙafafu, har mutane su ɗauka fumfuna ce. Vorticella ba ta cin jatan lande ko kaɗan, ƙwayoyin bakteriya take tacewa daga ruwa, kuma tana mannewa a kan ganye da gilashi kamar yadda take mannewa a kan ɓawo, illarta ita ce idan ta cika ɗakin numfashi ko ta lulluɓe ƙananan 'ya'ya. Tsomi a ruwan gishiri yana kawar da ita, saɓa ma tana kawar da ita, amma yawaitarta saƙo ne game da ruwan kansa, domin ba ta bunƙasa sai inda bakteriya suka yi yawa, su kuma bakteriya ba sa yawa sai inda ragowar abinci da ruɓaɓɓen ganye suka taru. Mai kiwon da ya rage ciyarwa, ya zuƙe dattin ƙasan tanki, ya riƙa sauya ruwa kaɗan-kaɗan a kai a kai, zai ga ta ragu da kanta, wanda kuwa ya bar ruwan yadda yake zai yi ta tsomi ba iyaka, alhali kowane tsomi wahala ce ga dabbar da ba ta kai ɗan yatsa ba.

Na uku shi ne mafi muni a cikin waɗanda ido yake gani, kuma shi ne wanda aka fi kuskuren ganewa. Yana bayyana ne a ƙarƙashin ciki, tsakanin ƙananan ƙafafun ninƙaya inda mace take riƙe ƙwanta, a matsayin wani cunkoso mai launin kore ko ruwan ɗorawa, har sabon mai kiwo ya yi murna yana zaton ƙwai ne. Bambancin a siffa yake: ƙwai zagaye ne sumul, girmansu ɗaya, yawansu yakan kai 20 zuwa 30, kuma idanun 'ya'ya suna bayyana a cikinsu kafin ƙyanƙyasa wadda take zuwa bayan kimanin wata ɗaya, shi kuwa wannan cunkoso yana da tsinke-tsinke da rassa, kuma yana fitowa har a jikin namiji. Shekaru da dama masu kiwo suna kiransa koriyar fumfuna, wasu kuma suna jingina shi ga wani rukunin cima-zaune na teku mai suna Ellobiopsidae, har bincike ya nuna cewa Cladogonium ogishimae ne, wato wata gansakuka mai cin jikin dabba wadda masana biyu, Hirose da Akiyama, suka bayyana a Japan tun 1971. Gansakuka da aka sani da hasken rana take haɗa abincinta, amma wannan ta bar wannan hanya, zaruruwanta ba su da launi, tana cusa saiwoyinta ta cikin ɓawo zuwa tsoka tana zuƙa, koren da ake gani kuwa jakunkunan irinta ne, waɗanda idan suka nuna suke fashewa su saki iri mai ninƙaya ya nemi wani jikin.

Wannan tsari nata shi ya sa magungunan waje ba sa gamawa da ita. Masu kiwo sun gwada tsomin gishiri na yau da gobe, sun gwada ruwan haidirojin feroksaid wanda ake wanke rauni da shi, sun gwada rinin malakait mai kore da ake yi wa kifi maganin fumfuna da shi, kuma akan samu wanda ya warke idan an kama cutar da wuri kuma saɓa ta zo a kan kari, amma sau da yawa zaren da ke waje ne yake mutuwa, saiwar da ke ciki ta sake tohowa. Hukuncin da ya fi dacewa da hankali a nan shi ne a fifita garke a kan ɗaya: a cire wanda ya kamu tun ranar da aka gan shi, kafin jakunkunan su yi kore sosai, a ware shi a wani mazubi da ragarsa ta daban, a yi masa jinya can idan ana so, kuma kada a maido shi sai ya yi saɓa fiye da ɗaya ba tare da alamar komai ba. Idan cutar ta cika masa ciki har ya kasa ninƙaya, tausayi shi ne a gaggauta kawo ƙarshen wahalarsa. Irin wannan hukunci ya hau kan cutar da ake kira ciwon auduga, wadda wasu ƙananan halittu masu suna maikurosforidiya suke haddasawa ta hanyar cika tsoka da irinsu har naman ya koma fari fat kamar an dafa shi. Ba ta da maganin da aka tabbatar, kuma tana yaɗuwa ne idan masu rai suka ci gawar wanda ya mutu da ita, wanda hakan ɗabi'a ce ta jatan lande, saboda haka gawa ba ta kwana a tanki.

Mafarautan tanki ba sa zama a jikin jatan lande, amma maganinsu ya shiga wannan babi domin da kwalba ɗaya ake yaƙarsu. Filaneriya tsutsa ce mai faɗi wadda ake ganewa da kanta mai kusurwa uku da ɗigon idanu biyu da kuma tafiyarta ta sulɓi a kan gilashi, tana kai hari ga 'ya'ya da wanda ya gama saɓa jikinsa bai yi tauri ba, kuma murƙushe ta kuskure ne domin kowane gutsure yana iya zama sabuwar tsutsa. Haidira kuwa siririyar halitta ce mai hannaye masu harbi, tana kafewa a wuri ɗaya tana jiran jariran jatan lande. Dukansu biyu suna mutuwa da fenbendazole, maganin tsutsar cikin dabbobi wanda ake sayarwa da sunan Panacur, a ma'aunin da masu kiwo suka saba na giram 0.1 ga kimanin lita 40, ko kuma da wani gari da ake haɗawa daga 'ya'yan itacen areka mai suna No-Planaria. Sharuɗɗa biyu ne suke tare da waɗannan magunguna. Na farko, suna kashe wasu nau'o'in dodon koɗi da ake ajiyewa don share gilashi, musamman dangin Neritina, kuma ragowar maganin tana daɗewa a tankin, don haka ana kwashe su tun kafin a fara. Na biyu, tsutsotsi masu yawa da suka mutu lokaci guda suna ruɓewa su saki ammoniya, wadda guba ce ga jatan lande, sai a ga garke yana mutuwa kwana 2 ko 3 bayan magani a zargi maganin, alhali rashin zuƙe gawarwaki da rashin sauya ruwa ne sanadi. Ya kamata kuma a sani cewa siraran fararen tsutsotsin da suke wutsil-wutsil a ruwa kamar gashi, marasa kai mai kusurwa, masu cin datti ne kawai kuma ba sa cutar da kowa, yawansu alama ce ta yawan ciyarwa. Tsutsar mazari, wadda takan shigo a ɓoye cikin shukoki, da hannu ko raga ake cire ta, domin duk gubar da za ta kashe ta sai ta riga kashe jatan landen.

Ma'aunan da aka ambata duka sun samo asali ne daga gwajin masu kiwo da kuma abin da aka aro daga jinyar kifi, domin ba don jatan lande aka ƙirƙiro praziquantel da fenbendazole ba, kuma abin da Neocaridina ya jure ba lalle ne Caridina mai zane ya jure shi ba, balle nau'o'in tafkin Matano na tsibirin Sulawesi waɗanda ƙaramin sauyi a ruwa yake kashewa. Saboda haka ana auna ainihin ruwan da ke cikin tankin bayan an ɗebe gurbin yashi da duwatsu, ana amfani da sikeli mai auna ƙasa da giram maimakon kintace, ba a haɗa magani biyu lokaci guda, kuma ana ƙara iska a ruwan muddin magani yana ciki. Wannan batu na iska ya fi tsanani ga mai kiwo a Kano ko Zinder, inda ruwan tanki yake iya haura digiri 30 a lokacin bazara, alhali waɗannan dabbobi sun fi walwala tsakanin digiri 20 da 26, kuma ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska kamar mai sanyi. A irin waɗannan gidaje akwai wani haɗarin da ya fi kowace tsutsa saurin kisa, wato maganin sauro: feshin fiya-fiya ko hayaƙin igiyar leƙo a ɗakin da tanki yake yana iya shafe garke a dare ɗaya, kuma alamarsa ita ce a ga dukan jatan landen suna ninƙaya a haukace suna faɗuwa a gefe lokaci guda, abin da babu wani cima-zaune da yake yi. Irin wannan guba takan zo kuma a jikin sababbin shukokin da aka yi wa feshi a gonar da suka fito, ko a hannun wanda ya shafa wa kare maganin kaska.

Ganyen itacen Terminalia catappa, ɗan'uwan baushe, wanda masu kiwo suke jefawa busasshe a tanki, yana sakin sinadaran da suke rina ruwa ja-ja kamar shayi kuma yana tara ƙananan halittun da jatan lande yake kiwo a kansu, amma taimako ne ga lafiyar yau da kullum, ba ya fitar da tsutsa daga ɗakin numfashi kuma ba ya kashe saiwar Cladogonium. Abin da yake hana waɗannan shiga tun farko shi ne killacewa, wato ajiye duk sabon jatan lande a ƙaramin tanki na daban har tsawon mako 4 ko fiye, lokacin da ya isa kowannensu ya yi saɓa aƙalla sau ɗaya, ƙwan da ya ɓoyu ya ƙyanƙyashe, koren da bai fito ba ya fito. A cikin wannan lokaci ana duba su da gilashin ƙara girma ko da kyamarar waya a wurare uku, wato ƙahon kai da gefen kai da ƙarƙashin ciki, kuma tankin killacewa ba a cika shi da yashi da ado domin a riƙa ganin saɓa da gawa da sauƙi.

Jatan landen da ya kamu, da gawarsa, da ruwan da aka yi jinya a ciki, ba a zuba su a kwata ko rafi ko tafki. An riga an samu Neocaridina davidi yana hayayyafa a sake a rafin Gillbach na Jamus, wanda ruwan wata tashar lantarki yake ɗumamawa, da kuma a wasu ruwaye masu ɗumi na Folan da Hangari, kuma a ƙasashe masu zafi ba ya ma bukatar tashar lantarki kafin ya rayu ya isar da abin da yake ɗauke da shi ga jatan landen gida. Gawa a naɗe ta a jefa a shara ko a binne ta, ruwan magani kuma a zuba shi a busasshiyar ƙasa nesa da rijiya da magudanar ruwa.